Tafiyar jirgin sama tsakanin Landan da New York

Hanyar sama da ta haɗa Landan ta Ingila da New York ta Amurka tana cikin hanyoyin da jirage suka fi bi wajen ƙetare Tekun Atlantika. Daga filin jirgin Heathrow zuwa na John F. Kennedy nisan ya kai kimanin kilomita 5,550, wato kusan mil 3,000 a ma'aunin teku, wanda shi ne matuƙan jirage ke aiki da shi.

Nisa da lokaci

Ana auna wannan nisa ne a kan babbar da'ira, wato hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a doron duniya, shi ya sa a taswira ake ganin jirgin ya karkata arewa ta wajen Newfoundland ta Kanada, alhali shi ne ya yanke. Zuwa New York yakan ci kusan awa 8, dawowa kuwa wajen awa 7, domin akwai zirin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, wanda ke tura mai dawowa, yana kuma dakushe gudun mai tafiya. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya iso Landan cikin awa 4 da minti 56.

Agogon Landan yana gaba da awa 5 a mafi yawan shekara.

Tarihi

A Yunin 1919 wasu matuƙa 'yan Birtaniya, Alcock da Brown, suka fara ƙetare tekun da jirgin sama ba tare da sauka ba, daga Newfoundland zuwa Ireland, cikin kusan awa 16. Jigilar fasinja da jirgin jet tsakanin biranen biyu ta soma ranar 4 ga Oktoban 1958, da jirgin Comet 4 na kamfanin BOAC na Birtaniya, sai dai wanda ya nufi yamma sai da ya sauka a Gander da ke Newfoundland ya sha mai.

Zamanin Concorde, jirgin da Birtaniya da Faransa suka ƙera tare, shi ne ya fi jan hankali. Ya fara zuwa New York a ƙarshen 1977, bayan doguwar taƙaddama kan ƙarar injinsa, yana gudun da ya ninka na sauti sau biyu, yana kammala tafiyar cikin kimanin awa 3 da rabi. Saboda bambancin agogo, fasinjan da ya tashi daga Landan yakan sauka kafin lokacin da ya tashi, bisa agogon New York. Ranar 7 ga Fabrairun 1996 ya dawo Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. An dakatar da shi a Oktoban 2003, bayan haɗarin da wani Concorde ya yi kusa da Faris a 2000 da raguwar fasinjoji, ko da yake ra'ayi ya bambanta kan wanne dalili ya fi nauyi.