Baƙin gilashi ba shi ke kashe ƙyalli ba

Daga Agege zuwa Obalende a Legas, mai sayen tabarau yakan ce, "Malam, ba ni wanda ya fi duhu." An daɗe ana zaton duhun ne ke maganin ƙyallin da ke kashe ido. Baƙin gilashi rage haske kawai yake yi, ƙyallin na nan.

Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Amma idan ya daki ruwa, kamar tafkin Legas da ke ƙarƙashin gadar Third Mainland, mafi yawan wanda ya dawo a kwance yake kaɗawa. Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Malus ne ya gano haka a 1808. Tabarau mai matacin haske yana barin na tsaye ya wuce, ya tare na kwance, sai direba ya ga hanya sarai ko da gilashin bai yi duhu sosai ba.

Gwajin gane mai matacin ba wuya, in dai mai kaya zai yarda. Ɗora tabarau ɗaya a kan wani, ka riƙa juya ɗaya. A digiri 45, rabin hasken da ya tsallake na farko ke wucewa. A digiri 90 sai duhu. Idan babu abin da ya canza, aƙalla ɗaya rini ne kawai.