Ƙullutun tsakiyar wuya ba aikin wanzami ba ne

Jama'ar Tawa da kewaye, akwai wani ƙullutu da ke fitowa daidai tsakiyar wuya, tsakanin haɓa da maƙogwaro, girmansa kamar goro. Ba maƙoƙo ba ne, ba kaluluwa ba ce. Gane shi ba wuya: a sa mai shi ya haɗiye yawu ko ya zaro harshe, za a ga ƙullutun ya hau sama. Da tushensa ake haihuwar mutum, ko da bai kunno ba sai bayan an girma.

Abin takaici, kafin a kawo shi asibiti sau da yawa wanzami ya riga mu. An yi sakiya, ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa ya fita, ƙullutu ya sace, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ba a daɗe ba ya dawo. Haba jama'a! Wannan abu jaka ce mai jela, jelar ta bi ta ƙashin da ke ƙarƙashin haɓa har tushen harshe. Aska ba ta kai can. Abin da take bari shi ne ƙofa mai yoyo, uwa na ta ɗaura wa yaro tsumma a wuya, wuyan riga kullum a jiƙe, ƙuda na bi. Tabon kuma yakan manne naman wurin, aikin likita ya ƙara wuya, ciwon ya fi saurin dawowa.

Ga wanda ya fi tayar mana da hankali. Cikin irin wannan ƙullutu ɗari, kusan ɗaya na ɗauke da ciwon daji, galibi a manya. Mafi yawansa irin na tiroyid ne, ƙwayar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma yana jin magani ƙwarai in an zo da wuri. Ƙullutun da ya yi tauri, ya kafe ba ya motsi, yana girma da sauri, ko kaluluwa ta fito gefensa, abin zargi ne. Amma da yawa ba su nuna komai, sai an cire an duba naman a awo. To, wa ya auna abin da wanzami ya zubar a ƙasa?

Mun san kuɗin mota da na awo da nauyi, ba mu raina wahalarku ba. Duk da haka, don Allah ku bar sakiyar nan.

A asibiti ana fara ekografi, wato hoton cikin jiki da na'ura, a ga cikin ƙullutun, a tabbatar tiroyid na mazauninta kafin a taɓa komai. In akwai zargi, a zuƙi kaɗan da siririyar allura a kai awo. Tiyatar ana ce mata Sistrunk, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1920: a cire jakar, da tsakiyar ƙashin nan, da jelar gaba ɗaya. Kada cire ƙashin ya firgita ku, magana da haɗiya na nan yadda suke. In jakar kaɗai aka cire, kusan rabi na dawowa. Da Sistrunk bai kai ɗaya cikin goma ba.

A taƙaice:
- Ku fara da CSI (ƙaramar asibiti) mafi kusa, a tura ku CHR (babbar asibitin jiha) ta Tawa ko Yamai.
- In ya yi ja yana zafi, maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna, tiyata sai ya lafa.
- Ban da aska, ban da wuta, ban da matsa.
- Bayan aiki ku koma karɓar sakamakon awon naman, ko da rauni ya warke sumul.

In awon ya nuna daji ƙarami da bai fita daga jakar ba, kuma tiroyid lafiya lau, sau da yawa aikin farko ya wadatar, sai zuwa dubiya a kan lokaci. In ya yi girma, ko ya kama kaluluwa, ko an ga ƙulli a tiroyid, ita ma za a cire ta. Daga nan sai ƙwayar Levothyrox, mai maye aikin tiroyid, kowace safiya kafin karin kumallo, har tsawon rai, ba tsallake.