Me ake nufi idan aka ce asma ta lafa?

"In ya girma za ta bar shi." Abin da Inna take faɗa ke nan duk daren da ƙanena ya kwana zaune, ya jingina da bango, ƙirjinsa yana fito har ana ji daga zaure. Shekararsa 7 a lokacin, muna unguwar Bagalam a nan Maradi. Kuma kamar maganar Inna ta tabbata, don daga shekara 13 har ya kai 24 ko tarin dare bai sake damunsa ba. Sai ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Hunturun farko, da hazo ya sauko, ciwon ya dawo ya kwantar da shi. Likitan da ya duba shi ya ce: "Malam, dama ba warkewa ka yi ba, lafawa ta yi."

Asma, wadda tsofaffi ke kira fuka, ciwo ne na hanyoyin iska da ke cikin huhu. Cikinsu ya kumbura, naman da ya kewaye su ya tsuke, majina ta taru, sai iska ta riƙa fita da ƙyar, da wannan fiton. Ba ita ce tarin fuka ba, ko da yake sunan yana ruɗa mutane, kuma ba a ɗaukarta, don haka ba dalilin ware wa yaro kwano.

Lafawa kuwa ita ce mutum ya daɗe, likitoci kan ce aƙalla shekara guda, ba fito, ba shaƙewa, ba tarin dare. Kamar garwashi ne da toka ta rufe. A wajen wasu ya mutu murus. A wajen wasu da yawa kuma, in aka yi musu gwajin huhu, za a tarar hanyoyin iskar har yanzu suna saurin tsukewa, abin da zai hura su kawai suke jira: ƙura, sigari, hayaƙin itace a ɗakin girki, ƙaiƙayin sussukar hatsi, turaren wuta a ɗaki rufe.

Inna ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. Jarirai da yawa suna fito in mura ta kama su, saboda hanyoyin iskarsu ƙanana ne, huhu na girma abin ya wuce. Wani bincike da aka yi a Tuson ta jihar Arizona a Amurka, aka fitar a 1995, ya nuna yaro ɗaya cikin uku ya yi fito kafin ya cika shekara 3, amma kusan kashi 60 cikin 100 na waɗannan sun daina kafin shekara 6. Yawancinsu dama ba asma ce gare su ba. Su ne ake gani a unguwa a ce ai ɗan wance ma ya yi ya bari.

Wanda asmar ta bi har ya shiga lakkol, nasa lissafin daban ne. A Malbon ta Ostireliya an fara bin wasu yara ƴan shekara 7 a 1964, aka bi su har suka kai 50. Cikin masu fito mai sauƙi, kashi 64 cikin 100 ciwon ya lafa musu. Cikin masu asma mai tsanani tun ƙuruciya, kashi 15 kacal. A Dunidin ta Niyu Zilan ma an bi yaran da aka haifa a 1972 da 1973, aka ga kusan rabin waɗanda ciwon ya lafa musu ya dawo kafin su wuce shekara 26. Ƙanena ke nan.

Yara maza sun fi kamuwa da ita, kuma su ta fi lafa wa wajen balaga. Bayan balaga sai ta fi yawa a mata. Yaron da ke da ƙyasbin fata mai ƙaiƙayi ko yawan atishawa da yoyon hanci, ko wanda uwa ko uba ke da ita, ta fi wuyar rabuwa da shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kalmar "zai girma" take zama dalilin zura ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, 455,000 suka rasu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Na sha jin uwa ta ƙi maganin shaƙa, wai in yaro ya saba ba zai iya bari ba. Ba ya sa jaraba. Iri biyu ne: salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, shi ke buɗe ƙirji cikin mintoci in ciwon ya taso, akwai kuma na kullum, irin su beclometasone, mai kwantar da kumburin. Na biyun bai kawar da asma daga jiki, amma shi ke sa yaro ya yi barci, ya buga ƙwallo, ya je aji. In ƙaramin yaro bai iya shaƙa daidai ba, ma'aikacin lafiya zai iya nuna yadda ake huda gindin gorar roba ta rabin lita, a cusa bakin maganin, a fesa, yaron ya ja iska ta bakin gorar. An gwada wannan dabara a Afirka ta Kudu, ta yi aiki. Yaron da ya kasa magana ko shan nono, ko ake ganin fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, a kai shi likita a daren, ba a jiran safiya.

Ƙanena yanzu yana naɗe hanci da rawani in zai fita, maganin yana aljihun gaba. Ƴarsa mai shekara 2 ta fara fito a sanyin da ya wuce. Inna ta ce, "Ku bar ta, za ta girma." Ya ce, "Allah ya sa, Inna," ya ɗora uwar da ƴar a babur suka tafi likita.