Igama, kafili da zaman takari a Saudiyya: ku karanta kafin ku sake kirana

Shekara goma sha ɗaya na yi a Jidda kafin na dawo gida, kuma tun da na dawo wayata ba ta huta ba. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin nan, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Mece ce igama?

Katin izinin zama. In ba ka da ita kai takari ne, ko da a Makka aka yanke maka cibiya.

In na shiga da bizar Umara zan iya kama aiki?

A'a. Mutane suna yi, na sani, ba sai kun kawo min misalin ɗan gidan wane ba. Doka dai ba ta yarda ba, kuma ranar da bizar ta ƙare ka zama abin kamawa.

Wani eja ya ce zai samo min bizar da ba ruwana da kafili. Gaskiya ne?

Kafili shi ne mai gidan da ya fitar maka da biza kake zaune a ƙarƙashin sunansa, kuma babu bizar aiki irin wannan da eja zai samo maka a dokar Saudiyya. Abin da ake yi shi ne wani Balarabe ya fitar da biza da sunan kai ma'aikacinsa ne, ya sayar maka, ka tafi neman na kanka, duk wata ko duk shekara kana kai masa nasa kason. A takarda kai direbansa ne, a zahiri kana wankin mota a wata unguwa. Yin aiki a wurin wanda ba kafilinka ba laifi ne, kuma in askarawa suka tare ka, kai za a saka a mota, shi yana gida yana shan gahawa.

To yaya wasu suke shekara ashirin babu takarda?

Da taimakon juna. Je ka Shara Mansur a Makka ka gani, haka ma unguwar Karantina a Jidda take kafin a rushe ta. Ɗakin haya da sunan mai igama ake kama shi, layin waya ma haka. Mata na aikatau a gidajen Larabawa, ana biyansu a hannu, su zuba adashe. Kuɗin gida kuwa ba ya bi ta banki: ka ba mutum riyal a can, yaronsa ya kai wa tsohuwarka naira a Kano ko sefa a Damagaram kafin la'asar. Ba rasit, amana ce kawai. Haihuwa ma da yawa a ɗaki ake yi, da ungozoma.

Kada ku ɗauka hukuma ba ta sani ba. Ta sani sarai, tana kau da kai ne muddin ana buƙatar masu shara da raino, in lissafinta ya canza sai ta waiwayo. A 2013 an ba da wa'adin gyara takardu, yana cika a farkon Nuwamba aka shiga kame gida-gida. A Maris 2017 aka sake ba da afuwar kwana 90, wanda ya fita da kansa ba tara. Duk wanda ya zauna can a waɗannan shekarun ya san yadda unguwa ke yin tsit.

Kafilina ya riƙe fasfona, wata huɗu bai biya ni ba. In gudu?

Wannan ce kaɗai tambayar da nake tsayawa in yi tunani kafin in amsa. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokarsu, hana albashi ma haka, saboda haka gaskiya tana wajenka. Amma da zarar ka bar gidan, zai iya shigar da rahoton ka gudu, abin da muke kira hurub, daga nan kuma kai da kake bin bashi ka koma wanda ake nema.

Ya danganta da irin aikinka. In ma'aikacin kamfani ne kai, gyaran da aka fara a Maris 2021 ya buɗe maka ƙofar sauya wurin aiki ba tare da yardar kafili ba a wasu halaye, ciki har da rashin albashin wata uku a jere. Wannan gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su tsarinsu daban ne, na 'yan aikin gida ta Musaned ake bi, wato shafin gwamnati na harkar 'yan aikin gida. Mafi yawan masu kirana kuwa mata ne 'yan aikin gida.

Shawarata, in zaman zai yiwu, a shigar da ƙara a ofishin ƙwadago tun ana cikin gidan, a adana hoton kwantiragi da igama da duk saƙon da aka yi maganar kuɗi, a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda. Kada a sa hannu a takardar Larabcin da ba a karanta ba, sau da yawa cewa take an biya ka hakkinka duka. Ba na yi muku alkawarin abin zai yi sauri, yakan ɗauki watanni, wani ma ya gaji ya haƙura da kuɗin. In kuwa akwai duka ko ana neman keta mutuncinki, 'yar'uwa, ki fita, rai ya fi albashi, amma ofishin jakadanci ko na 'yan sanda za ki nufa. Matar da ke ce miki ki zo tana da gidan da ya fi biya, ita ma kasonta take nema, kuma ranar kame ba za ta ɗaga wayarki ba.

Ki kwantar da hankalinki, ba ke ce ta farko ba, da yawa sun fita lafiya.

In aka kai ni tarhil, wato aka koro ni gida, zan iya komawa da sabon fasfo da sabon suna?

Zamanin nan ya wuce. A Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro gida, sai an ɗauki hoton yatsunka kafin a sa ka a jirgi. Suna yana canzuwa, yatsa ba ya canzuwa, a filin jirgin Jidda za a juyo da kai, kuɗin eja sun tafi.

Yaran da na haifa a can 'yan ƙasa ne?

A'a. Ƙasar ubansu suke bi. Ku nemo musu takardar haihuwa da fasfo tun suna ƙanana, ku daina jira sai an kama su suna da shekara ashirin a sauke su a Kano, garin da ba su taɓa gani ba, Hausar ma a karye.

Nawa ake samu a wata?

Kafin ka tambayi wannan, faɗa min sunan kafilinka da aikin da aka rubuta a bizarka. In eja bai gaya maka ba, koma ka tambaye shi.