Tace rubutu

Tace rubutu, wasu su ce gyaran rubutu ko editin, shi ne marubuci ko edita ya koma kan abin da aka rubuta a karon farko ya sake bin sa, ya sauya ginin jimloli ya zaɓi kalmar da ta fi zama daidai. Ya bambanta da gyaran ƙa'idojin rubutu irin su raba kalma da haɗe ta, duk da dai yawanci a zama ɗaya ake yin su.

Tarihi

A rubutun boko na Hausa abin ya kankama ne a Zariya, a Hukumar Fassara da aka kafa wajen 1929 ko 1930, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933 malamai suka aiko da rubuce-rubucensu, East ya bi su ya gyara kafin a buga, cikin waɗanda suka yi nasara har da Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Imam ne editan Hausa, kuma Hausar da ake tacewa a can ta taimaka sosai wajen kafuwar daidaitacciyar Hausa, wadda ta fi jingina da Kananci. Sai kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, a farkon shekarun 1950, sai kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966, duk suna da masu duba rubutu.

Ko yaya girman hannun East yake a waɗancan littattafai, masana ba su zama baki ɗaya ba.

Daga shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya zo, marubuci shi ke buga abinsa da kuɗinsa, sau da yawa ba edita, shi ya sa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka riƙa duba wa junansu.

Abin da ake dubawa

Babbar matsalar mai ba da labari ita ce "sai". Sai ya tashi, sai ya fita, sai ya ga mutum, a baka ba laifi don murya na ɗauke nauyin, amma a takarda gajiyarwa take. Mai tacewa zai mayar da ita: da ya fita, ya yi kiciɓis da wani mutum. Haka "kuma" da "wanda" in sun yi yawa.

Wajen kalma kuwa Hausa ba ta da talauci, yanka daban, sara daban, datsa daban, gutsura daban, wanda ya sa "yanka" a duka huɗun ya yi asara. Maimakon "ja sosai" akwai ja wur, akwai fari fat da baƙi ƙirin. Kalmar aro ma ana duba mai karatu, abin da Bakano ke kira makarantar boko a Nijar za ka ji an ce lakwal.

Yanzu

Littattafan da ake saki a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad galibi babi-babi suke fita, ana gama bugawa a waya ake turawa.