Fitilar kicin ta ƙi kamawa: tambayoyi da amsoshi kan makunni da wayar fitila

Duk cikin gida babu fitilar da ta kai ta kicin shan wahala. Tururi na tashi ya same ta, maiƙo na manne mata, zafi na busar da robar wayarta, makunninta kuma ba a raba shi da jiƙaƙƙen hannu. Yawancin matsalolinta ƙanana ne, amma ba a gano su da cinta. Sai mutum ya san hanyar da wuta ke bi daga bireka, wato abin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, zuwa ƙwan fitila, sannan ya bi sawunta gaɓa-gaɓa.

Na danna makunni, fitila ba ta kama ba. Daga ina zan fara?

Daga ƙwan. Cire shi ka gwada a wani ɗakin, ko ka kawo wanda ka san yana aiki ka ɗaura. Mutane da yawa sun kwance makunni lafiyayye alhali ƙwai ne ya ƙone. In ƙwan lafiya yake, duba fitilun da ke maƙwabtaka da kicin. Idan su ma sun ɗauke, laifin ba na kicin ba ne, je ka akwatin bireka ka ga ko wani ya faɗi. Idan kicin ne kaɗai ke cikin duhu, saura wuri uku: holda (mazaunin ƙwai), makunni, da mahaɗar wayoyi a silin.

Holda ta fi saurin lalacewa. A mai murɗawa akwai ɗan harshen ƙarfe a can ƙasan ramin, wanda kan kwanta saboda yawan ɗaure ƙwai da ƙarfi har ya daina taɓa gindinsa. A mai turawa a karkata kuwa, ƙusoshi biyu ne masu sifirin, kuma maiƙo da tsatsa kan sa su maƙale. Amma kada ka sa yatsa ko sukudireba a ciki sai ka karanta amsa ta gaba.

Ai in na kashe makunni babu sauran wuta a wayar fitilar, ko?

A'a, kuma wannan zaton ne ya fi jefa mutane cikin haɗari. Makunni waya ɗaya kawai yake yankewa. Wuta na fitowa daga bireka ta waya mai wuta, wadda masu gyara ke kira layif, ta shiga makunni, ta fito ta nufi ƙwai, sannan ta koma ta wayar nutural. Waya ta uku, ta ƙasa, ba ta ɗaukar komai sai ranar da wani abu ya lalace.

A gidaje da yawa layif ba ta fara zuwa makunni ba, silin take fara hawa. Daga mahaɗar fitilar ake saukar da ita bango zuwa makunni, ta dawo, kuma daga wannan mahaɗar ake miƙa wuta zuwa fitilar ɗaki na gaba. Ke nan ko makunni na kashe, akwai waya mai cikakkiyar wuta a saman kanka. Akwai kuma inda wanda ya yi wayarin ya yi kuskure ya ɗora makunni a kan nutural. Fitila za ta kama ta mutu yadda aka saba, babu wanda zai lura, amma holda na ɗauke da wuta dare da rana.

Saboda haka a bireka ake kashewa. In ba ka tabbatar da wanne ne na fitilu ba, kashe babban gaba ɗaya. Gidan da ke da janareto, inbata ko sola, sai an kashe su ma, don sau da yawa layin fitilu ne ake ɗorawa a kansu. Ka kuma gaya wa mutanen gida, ko ka manna takarda a jikin akwatin, kada wani ya ga duhu ya ɗaga bireka kana kan tsani.

Testa irin ta sukudireba ta isa gwaji?

Ba ta isa a ɗora rai a kanta ba. Ƙwayar haskenta ba ta da ƙarfi, da rana ba a cika ganinta ba, kuma mutumin da ke tsaye kan tsanin katako ko sanye da takalmin roba zai iya taɓa layif ta ƙi nuna komai. Wani lokaci kuma takan haska a wayar da ba ta da wutar kirki. Mitar gwaji mai igiya biyu ta fi. Ka fara gwada ta a soket da ka san yana da wuta, ka auna wurin aikinka tsakanin layif da nutural, layif da ƙasa, nutural da ƙasa, sannan ka koma ka sake gwada ta a wuri mai wuta. Wannan komawar ce ke tabbatar maka ba mitar ce ta mutu a hannunka ba.

Launin waya zai gaya mini wace ce wace?

Zai ba ka haske, ba zai ba ka tabbas ba. A tsarin Turai na yanzu ruwan ƙasa layif ce, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ta ƙasa. Tsohon tsarin Ingila ja ce layif, baƙa nutural, kuma tsakanin 2004 da 2006 suka koma sabon, shi ya sa ake samun gida ɗaya da launi iri biyu. A Amurka baƙa ce mai wuta, fara nutural, koriya ko tsirara ta ƙasa. Ka ga baƙar waya a wani tsarin nutural ce, a wani kuma ita ce mai kisa. Ballantana inda waya ta ƙare wa mai aiki ya ƙarasa da duk launin da ya samu a jakarsa.

Na cire tsohuwar fitila na ɗaura sabuwa. Yanzu ba ta mutuwa, kuma da na danna makunni sai bireka ya faɗi. Me na yi?

Ka haɗa launi da launi, wanda a ido shi ne daidai, a aikace kuma shi ne kuskuren. Mu ɗauka kebur uku ne suka sauko daga silin, kowanne da ruwan ƙasa da shuɗiya da ta ƙasa. Na farko shi ke kawo wuta. Na biyu yana wucewa da ita zuwa fitila ta gaba. Na uku shi ne na makunni: ruwan ƙasarsa na kai wuta bango, shuɗiyarsa na dawo da ita idan an kunna. Wato wannan shuɗiyar ba nutural ba ce ko kaɗan, layif ce da ta bi ta makunni. Ƙa'ida ta ce a sa mata ɗan bututun roba ko salatif mai launin layif don a gane ta, amma sau da yawa ba a sa ba, ko ya zame ya faɗi.

Da ka tara ruwan ƙasa uku wuri guda, shuɗi uku wuri guda, ka rataya fitila a tsakani, ka ba fitilar wuta kai tsaye, shi ya sa ba ta mutuwa. Makunnin kuwa ya koma tsakanin layif da nutural, danna shi daidai yake da haɗa su baki da baki. Bireka ya yi aikinsa.

Gyaran shi ne a gano kebur ɗin makunni. Kashe wuta, auna, raba wayoyin duka kada wata ta taɓa wata. Juya mita zuwa wurin da take ƙara idan igiyoyinta suka haɗu. Ɗora igiya ɗaya a ruwan ƙasa, ɗaya a shuɗiyar kebur guda, ka sa wani ya riƙa kunna makunni yana kashewa. Kebur ɗin da ƙarar ke zuwa tana ɗaukewa tare da danna makunnin, shi ne. Naɗa wa shuɗiyarsa alama nan take. Daga nan ruwan ƙasa uku su haɗu a mahaɗa ɗaya su kaɗai, ba tare da sun taɓa fitilar ba. Shuɗi biyu na gaskiya su tafi wurin da aka rubuta N. Mai alamar ta tafi L. Wayoyin ƙasa duka su haɗu, su kama jikin fitilar in na ƙarfe ne.

Hoto ɗaya da wayar hannu kafin a kwance sukuru na farko yana raba mutum da duk wannan.

Ta yaya zan gane makunnin ne ya mutu?

Wani lokaci hannu ma na gaya maka: ya yi laushi, ya daina ƙas ɗin nan, ko sai an riƙe shi a tsakiya fitila ke kamawa. Don tabbatarwa, kashe wuta, fito da shi daga bango, cire wayoyinsa, ka ɗora mita a ƙafafunsa biyu. A kunne ta yi ƙara, a kashe ta yi shiru. In ba haka ba, a sauya shi, makunni ba abin gyara ba ne.

Sau da yawa dai za ka tarar makunnin lafiya lau, sukuru ne ya saki. Waya mai kwance tana tartsatsi a ɓoye, tartsatsin na kawo zafi, zafin na ƙara sassauta ta. Alamunta su ne murfin makunni ya yi ɗumi, ana jin cir-cir a ciki, robar ta yi baƙi, ko wani wari kamar ƙarnin kifi yana tashi daga bango. Bireka ba ya faɗuwa a kan wannan, domin wutar da ke bi ba ta wuce ƙima ba, kuma ta nan gobara kan fara. A yanke ƙonannen bakin wayar, a fere sabo, a ɗaure tam, a ɗan ja ta a ji ta kama. Kada tagulla ta leƙo waje, kada kuma sukurun ya danne roba maimakon tagulla.

Kicin ɗinmu ƙofa biyu ne, kowace da makunni. Tun da aka sauya ɗaya, sai ɗayan na wani gefe fitila ke kamawa.

Irin wannan makunni ƙafa uku gare shi: COM, L1 da L2. Layif na shiga COM na farko, wayar fitila na fita daga COM na biyu, wayoyi biyu kuma na haɗa L1 da L2 na nan da na can. Abin da ka bayyana alama ce ta an sa wayar COM a ramin L1 ko L2. Musanya L1 da L2 a junansu ba ya hana aiki, COM ce ba ta yarda da kuskure. Masana'antu ba sa jera ƙafafun wuri ɗaya, don haka rubutun jikin makunni ake bi, ba matsayin ramin tsohon ba. A duba kuma ko mai ƙafa biyu aka sayo bisa kuskure.

Ƙwan LED na ci gaba da ɗan haske ko ƙyaftawa bayan an kashe. Akwai haɗari?

Galibi babu. LED na cin wuta kaɗan ƙwarai, har ɗan abin da ke tsallakawa tsakanin dogayen wayoyi biyu da ke kwance tare, ko wanda ke bi ta ƙwayar hasken da ke jikin wasu makunnai, ya isa ya motsa shi. Sauya ƙwan da mai inganci ko makunni marar ƙwaya kan kawar da abin. Sai dai makunnin da aka ɗora kan nutural shi ma yana kawo haka, kuma wannan kam sai an gyara.

Ƙyaftawa yana kunne daban ne. Ko makunnin rage haske ne da aka ƙera don tsohon ƙwai mai zare, ko waya ce ta saki. Doguwar fitila mai bututu in tana ƙyafce-ƙyafce bakinta ya yi baƙi, bututun ne ya tsufa ko sitata, ɗan abin da ke tayar da ita. In tana gunji, cok ne, abin da ke daidaita wutar da ke shiga bututun.

Bireka na faɗuwa in ana girki. In sa wanda ya fi shi girma?

Kada ka soma. Bireka waya yake karewa. Layin fitila a ƙasashe masu bolt 230 yawanci siririyar waya ce mai kaurin murabba'in milimita 1 ko 1.5, a bayan bireka mai amfiya 6, wanda iyakarsa wat 1,380 ke nan. Butar lantarki ɗaya kan ci wat 2,000 ko fiye. In wani ya saci wutar soket daga layin fitila, bireka zai yi ta faɗuwa, kuma in aka ƙara masa girma wayar ce za ta ɗauki zafin a cikin silin.

A lura da wanda ke faɗuwa. In mai maɓallin gwaji ne a jiki, wato RCD, galibi ba nauyi ya gani ba, wuta ce ke zurarewa ƙasa, kuma miliamfiya 30 kacal ta isa ta kayar da shi. A kicin, tururin da ya taru a holda ko a fankar fitar da hayaƙi shi ne wanda ake fara zargi. Fitilar da ke kusa da murhu ko wurin wanke-wanke ta fi dacewa ta zama rufaffiya, irin mai lambar IP44 ko sama.

Jikin fitilar ko murfin makunni na ɗan ja na. Wannan fa?

Kashe layin a bireka ka bar shi a kashe. Abu biyu ne suka lalace lokaci guda: layif na taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma wayar ƙasa da ya kamata ta kwashe wutar ta kayar da bireka ba ta nan ko ta tsinke. Jan da ka ji kaɗan da busasshen hannu ba haka zai zo wa mai wanke-wanke da ƙafa a jiƙaƙƙen daɓe ba.

Nan aikin mai gida ya ƙare, na ƙwararren ma'aikacin lantarki ya fara. Haka ma in robar waya na farfashewa da an lanƙwasa ta, in babu wayar ƙasa a layin gaba ɗaya, in mita na nuna wuta bayan an kashe bireka, ko in bireka ya sake faɗuwa bayan an cire fitilar. Yana da na'urar da ke auna lafiyar robar waya a cikin bango da ingancin wayar ƙasa, abin da mitar gida ba ta iyawa. A ƙasashe da dama ma doka ba ta yarda wanda ba shi da lasisi ya ja sabon layi ko ya taɓa cikin akwatin bireka ba. In ya zo, nuna masa hoton da ka ɗauka, ka gaya masa wane bireka ne ke faɗuwa da kuma abin da ake yi a kicin lokacin da yake faɗuwar.