Me ake nufi da "sauya wa gini aiki"?

Idan masu zanen gine-gine suka ce za a sauya wa gini aiki, suna nufin a bar ginin da ƙashinsa, a canza abin da ake yi a ciki: sito ya koma zauren baje kolin zane, tsohuwar masaƙa ta zama wurin koyon wasan kwaikwayo. Tate Modern da ke Landan asalinta tashar wutar lantarki ce da aka rufe a 1981, aka sake buɗe ta a 2000 a matsayin gidan zane-zane, zauren injinanta mai tsayin mita 35 na nan. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar ma, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin, wanda aka gina da ƙasa, ɗakin karatu a 2018, aka gina sabon masallaci a gefensa.

Injiniya ke fara shiga, tun kafin a yi zancen fenti. Zai duba harsashi, rufi, tsagewar bango da ɓarnar gara. Benen da aka zuba domin ofis yakan ɗauki kilo 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, wanda jama'a za su cika kuwa yana neman 400 zuwa 500.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen danshi. Tsohon bango, na ƙasa ne ko na jan bulo, yana shan ruwa daga gindi ya fitar ta fuskarsa. Da an shafe shi da siminti ko fentin mai, an toshe masa numfashi ke nan. Ruwan sai ya taru a ciki, farin gishiri ya feso, filastar ta kumbura. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji tana amsawa kamar ganga, damina biyu ko uku ta zubo da naman bangon. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, a bi bayansa da makuba, aikin da magina na gargajiya suka fi kowa sani. Abin takaici, su ake fara mantawa da su wajen rabon aiki.

Ƙa'idar ita ce duk abin da aka ƙara ya zama ana iya cire shi ba tare da an ji wa ginin ciwo ba. Shi ya sa in za a rataye hotuna ba a buga ƙusa a tsohon bango. Ana kafa wani na katako a gabansa, a bar tazarar santimita 5 zuwa 10 don iska da wayoyin wuta, a sa filawud mai kaurin milimita 18 wanda zai riƙe nauyin firam. Tsakiyar hoto ya zauna wajen santimita 150 daga ƙasa.

Hasken rana na cin launi, don haka manyan tagogi na buƙatar labule ko gilashi mai tace haske. Takarda, rini da saƙa ba sa jure hasken da ya wuce lus 50 (lus ma'aunin ƙarfin haske ne), zanen fentin mai kuwa har 200. Fitila ta hasko hoto a karkace, kamar digiri 30, in ba haka ba ƙyalli ya dawo idon mai kallo.

Zaure mai tsayi da daɓen siminti yana da amsa-kuwwa, makaɗi ɗaya ya ishe shi rikicewa. Labule mai kauri da tabarmi a jikin bango na rage ta sosai. Ƙofofin fita kuma su zama aƙalla biyu, nesa da juna, suna buɗewa ta waje.